Firjin Umma a Sashen Ƙwaƙwalwa

Su huɗu ne a gidan. Akwai Baba, malamin jami'a, wanda ya yi karatunsa a kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Akwai Umma, tela, mai keken ɗinki a baranda. Akwai Kaka, mahaifiyar Baba, mai fama da ciwon suga. Sai 'yarsu da ke ajin ƙarshe na firamare, wadda kowa ke kira Tilo saboda ba ta da wa, ba ta da ƙani.

Ba su da mota, gidan kuma na haya ne. Kujerun falonsu sun lotsa, har baƙo kan nemi abin dafawa in zai tashi. Amma suna da firji, fari, dogo, wanda Umma ta saya da gumin keken ɗinkinta tun Tilo tana goye. A jikin ƙofarsa ta ciki, a ɗan gurbin da ake jera ƙwai, nan maganin allurar Kaka yake zama, domin magani ne da zafi ke lalatawa. Safe da yamma Umma za ta buɗe, ta ɗauko 'yar kwalbar, ta murza ta a tafin hannu don sanyin ya ragu, sannan ta yi wa Kaka allura.

Shi kuwa Baba abin da ya rasa sashe ne. A raɓe yake koyarwa, darasi ɗaya tak a sashen nazarin halittu, a lokacin da sauran malamai ba sa so. Burinsa shi ne jami'ar ta buɗe cikakken sashe, inda yaro zai fito daga sakandare ya yi digirinsa na farko a kan ƙwaƙwalwa, ya san ta a littafi, ya kuma taɓa ta da hannu. Shekara da shekaru yana tsara darussa, yana bin ofisoshi, yana zama a bencin jira. Da suka gaji da ganinsa sai suka ba shi wani tsohon ɗaki a bayan ɗakin karatu, mai famfo ɗaya da tebura masu rawa, suka ce ya fara da wannan.

Ya kuwa fara. Duk Asabar da safe zai biya mahauta ya sayo ƙwaƙwalwar tumaki a cikin bokiti, ɗalibai masu sha'awa su taru su yanka su duba. Safar hannu da wuƙaƙen fiɗa duk daga aljihunsa suke fitowa, shi ya sa wata ba ya kai musu ƙarshe lafiya. Da yake ɗakin ba shi da firji, dole su gama komai kafin rana ta yi tsaka, in ba haka ba wari ya kore su.

Tilo takan bi shi. Ɗaliban suna ce mata Ƙaramar Farfesa, su ɗora ta a kan kujera mai tsawo. Ta san cewa ɗan dunƙulen nan na bayan ƙwaƙwalwa shi ne ke hana mutum tangaɗi, ta san kuma inda gani yake sauka. In ta dawo gida sai ta dafa ƙeyar Kaka ta ce, "Da nan kike ganina."

"Kauce min," in ji Kaka. "An tura ubanki karatu har tsallaken teku, ya dawo yana rububin kayan miya da mahauta. Ke ma ga shi kin ɗauko hanya."

Wata rana Baba ya shigo gida da fara'ar da aka daɗe ba a gani ba. Hukumar da ke kula da jami'o'i za ta aiko masu tantancewa. In suka ga kayan aiki sun wadatar, za a amince a buɗe sashen, a fara ɗaukar ɗalibai.

"Wane kayan aiki?" Umma ta tambaya, allura a bakinta. "Bokitin?"

"Aro za a yi, Maman Tilo. Haka ake yi."

Haka ɗin kuwa ake yi a jami'ar. Duk sashen da masu tantancewa za su ziyarta, sai maƙwabtansa su ara masa kaya, a jera, a nuna, baƙi su tafi, kowa ya zo ya kwashe nasa. Shugaban Tsangaya, wanda sassan kimiyya duka ke ƙarƙashinsa, da kansa ya bi ofisoshi. Sashen likitanci ya ba da maduban duba ƙwayoyin halitta, sashen haɗa magunguna ya ba da ma'aunai, ɗakin karatu ya ba da littattafai da kantocinsu. Firji ne kawai aka rasa, domin duk mai shi ya cika shi da nasa kayan gwajin, ba wanda zai kwashe. Ɗakin nazarin ƙwaƙwalwa kuwa in babu firji, ko kallo na biyu ba za a yi masa ba.

Bayan an ci abincin yamma Baba ya yi ta juya cokali a cikin kwano, sannan ya ɗaga kai ya dubi firjin. Umma ta bi idonsa da kallo.

"A'a," ta ce.

"Ban ce komai ba tukuna."

"Idonka ya ce. Maganin Inna fa?"

"A kai gidan maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu. Su zo su tafi ne kawai, mako ba zai cika ba. Da hannuna zan dawo miki da firjinki."

Kaka ce ta yanke maganar. "Ba shi, 'yar nan. Tun yana yaro in ya sa abu a ransa ba ya barci, mu ma ba ya bari mu yi. Mako guda ba zai kashe ni ba."

Washegari aka kwashe kayan cikinsa, Umma ta goge shi ciki da waje, ta naɗe wayarsa da tsumma. Ta zuba kwalaben maganin a wani kofin roba mai murfi, ta miƙa wa Tilo. "Ki gaishe ta da kyau. Ki ce mata na 'yan kwanaki ne."

Ana gobe baƙi za su zo, Tilo ta bi Baba ɗakin gwaji, ta kasa gane shi. An yi fenti, an jera madubai, an rataya hotunan jijiyoyi. Firjin Umma na tsaye a kusurwa yana gurnaninsa da ta sani, cike da ƙwaƙwalen tumaki a robobi, kowace da takardar suna. Sai ga Mai Sito, mai kula da kayan jami'a, ya shigo da gwangwanin baƙin fenti da ɗan buroshi. Masu tantancewa sun daɗe da gane wayon aro daga waje, don haka sukan duba jikin kowane kaya su ga ko da lambar jami'a. Duk abin da aka aro daga sassa yana da tasa. Firjin ne kaɗai fari fat.

"Wannan baƙo ne, Dakta," in ji Mai Sito. "In yi masa shaidar zama ɗan gida?"

"Rubuta kawai. In sun tafi ma goge."

"To. Ƙaramar Farfesa, riƙe min gwangwani."

Tilo ta riƙe. Tana kallo ya rubuta haruffa da lambobi manya a tsakiyar ƙofar, daidai inda Umma kan manna awon masu ɗinki. Ya hura da baki don ya bushe, ya shigar da lambar cikin littafin kayan jami'a, ya karɓi gwangwaninsa ya fita yana fito.

Baƙi suka zo suka zagaya. Madubai ba su burge su ba, sun ga irinsu a ko'ina, wataƙila ma sun ga waɗannan ɗin a wani sashen. Amma da babbarsu ta buɗe firjin, ta ga robobi da rubutun ɗalibai, sai ta tsaya. Ta ce wannan ne ya nuna mata ana aiki a nan. Aka ba sashen amincewar wucin gadi, za su dawo baɗi su ga ko abin da suka gani yana nan. Aka naɗa Baba shugaban sabon sashen. A ranar har rawa Kaka ta taka a zaune.

Kafin mako ya fita kowa ya zo ya kwashe kayansa. Madubai suka koma, ma'aunai suka koma, littattafai suka koma da kantocinsu. Baba ma ya cika alkawari, ya ɗauko mai motar kaya, aka ɗora firjin, Tilo na gaba kusa da direba. A bakin ƙofar jami'a mai gadi ya leƙa baya, ya ga baƙin rubutu.

"Dakta, kayan jami'a ne wannan."

"Na matata ne."

"Matarka ce ta rubuta masa lamba?"

Baba ya yi bayani, ya sake yi. Mai gadi ya saurara da ladabi har ƙarshe, sannan ya ce shi dai abin da ke da lamba ba ya wuce shi. Motoci suka taru a baya suna ƙaho. Dole suka juya, aka sauke firjin a kusurwarsa, aka mayar masa da ƙwaƙwalensa.

"Sun hana," Baba ya gaya wa Umma. "Amma zan ga Shugaban Tsangaya gobe. Maganar minti biyar ce."

Tun daga nan aikin Tilo ya zama zuwa gidan Maman 'Yan Biyu. Da safe kafin ta sa kayan makaranta za ta je ta ƙwanƙwasa, ta karɓo kofin, Umma ta yi allura, ta mayar. Da yamma ma haka. Da farko Maman 'Yan Biyu da fara'a take buɗewa, har ta tambayi jikin Kaka. Da wata ya wuce sai ta koma miƙo kofin ta bayan labule. Daga baya 'Yan Biyun ne suke kawowa, suna jifan juna da shi a tsakar gida kafin su ba ta.

"Ga mai gadin firjinmu ta zo!" suke cewa. "Babanku dakta ne amma ba ku da firji?"

Tilo takan riƙe kofin da hannu biyu ta koma. Wata safiya ta ji Maman 'Yan Biyu daga ciki tana cewa, "Ni fa ban buɗe asibiti ba. Mutum ba zai yi barcin safe a gidansa ba?" Ba ta faɗa wa kowa ba, sai dai ta koyi ƙwanƙwasawa a hankali, da yatsa ɗaya.

A gida kuwa tambayar ta zama kamar gaisuwa. Baba zai shigo, ya ajiye jaka, Umma ta ce, "Yaya maganar?" Ya ce, "Har yanzu sun hana." Daga baya Umma ta daina tambaya. Ta sa teburin guga a gurbin da firjin yake, amma bai rufe shatin da ya bari a bango ba. Ta daina dafa abin da zai kwana. In masu ɗinki sun nemi ruwan sanyi sai ta ce wuta ce ba ta zauna ba. Ta fara tari don sayen wani, sai keken ɗinkin ya lalace, tarin ya tafi gyara.

Sashen kuwa ya kama. An ɗauki ɗaliban farko, ɗakin ya cika da hayaniya. Yanzu ba sai Asabar ba, kullum suna iya ɗauko ƙwaƙwalwa su yanka, su mayar, gobe su ci gaba daga inda suka tsaya. Baba ya ƙara ramewa, amma idonsa na haske. In yana ba da labarin wata ɗaliba da ta gano jijiyar ido da kanta, har mantawa yake da abinci a gabansa. Tilo tana son jin labaran. Tana kuma jin haushin mutanen da suka hana, ko da yake ba ta san fuskokinsu ba. A ranta takan zana su da manyan tumbi da jajayen idanu.

Ran nan, wata safiyar da ba makaranta, ta je ta tarar da kwaɗo a ƙofar Maman 'Yan Biyu. Mai shagon kusa ya ce an yi musu rasuwa a wani gari, tun asuba suka tafi gaba ɗaya. Baba ya riga ya fita aiki. Umma ta kira wayar Maman 'Yan Biyu ba ta shiga, ta kira ta Baba a kashe, domin ba ya barin waya a kunne in yana aji. Kuɗin da ke hannunta kuma ba za su sayi sabuwar kwalba ba.

Kaka ta ce a bar shi, rana ɗaya ce. Amma kafin azahar ta shanye ruwan buta biyu bakinta na bushe, tana ta zirga-zirgar banɗaki, daga baya ta kwanta tana cewa ɗakin na juyawa. Ko tsokanar Tilo ba ta iya yi ba.

"Ruga ki kira babanki," in ji Umma. "Kada ki tsaya ko'ina."

Tilo ta ruga. Mai gadi ya san ta, bai tare ta ba. Ta zagaya bayan ɗakin karatu, ta tura ƙofar ɗakin gwaji tana haki. Ɗalibai sun kewaye tebura sanye da fararen riguna. Baba na tsaye kusa da firjin tare da Shugaban Tsangaya, wanda ya zo ganin yadda aji ke tafiya. Ba shi da tumbi, ba shi da jan ido. Siririn dattijo ne mai tabarau da sanyin murya.

"Baba, Kaka ce. An kulle gidan Maman 'Yan Biyu, maganin na ciki. Ba ta iya tashi."

Baba ya fara cire safar hannu. Shugaban Tsangaya ya tambayi abin da ya faru, Baba ya gaya masa a taƙaice, da murya ƙasa-ƙasa.

"Subhanallah," in ji dattijon. "Ashe har yanzu a maƙwabta ake ajiye maganin? Dakta, ai tun washegarin ranar da mai gadi ya juyo da ku na gaya maka. Kai ne shugaban sashe. Ka rubuta cewa firjin nan ba na jami'a ba ne, kuskure aka yi, ni in sa hannu, Mai Sito ya goge lambarsa. Yau ɗin nan sai ya kwana a gidanka."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Illa dai abin da na faɗa maka. Takardar za ta shiga fayil ɗin sashen. In mutanen nan suka dawo baɗi za su karanta cewa abin da suka yaba, aro ne daga kicin ɗin matarka. Sabon firji kuwa na nema, an ce a jira kasafin gaba. Amma uwa uwa ce. In ka ce a rubuta, ga alƙalami."

Har ya zaro alƙalamin daga aljihun gaba. Tilo ta dubi alƙalamin, ta dubi Baba. Baba ya dubi ɗalibansa, da suka sunkuyar da kai kamar ba sa ji. Ya dubi firjin, ya ɗora tafinsa a kan ƙofar, kusa da baƙin rubutun.

"Bari su dawo tukuna, ranka ya daɗe," ya ce. "Saura kaɗan."

Dattijon ya mayar da alƙalaminsa. "Allah ya ba ta lafiya. Yi sauri ka je."

A hanya Baba ya tsaya a kantin magani ya karɓi sabuwar kwalba, ya roƙi ƙanƙara a leda wurin mai sayar da lemo. Yana tafe yana waiwayen Tilo kamar zai ce wani abu, sai ya ƙara sauri. Da suka isa ya auna sugan Kaka, ya yi mata allura da kansa, ya zauna a bakin gadonta yana ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Sai wajen la'asar ta buɗe ido sosai ta gane su.

"Kai ne?" ta ce. "Wa ka bar wa tumakinka?"

"Yi shiru ki huta, Inna."

Umma na tsaye a bakin ƙofa, ta saka kwalbar cikin ledar ƙanƙara a wani kwano, ƙanƙarar har ta fara narkewa. Kaka ta ga kwanon, ta juyo ga ɗanta.

"Mutanen naku har yanzu sun ƙi sakin firjin yarinyar nan?"

Baba bai dubi inda Tilo take ba. Ya gyara wa Kaka matashi, ya ja mata mayafi.

"Har yanzu, Inna."

"Allah ya isa," in ji Kaka a hankali. "Mutane ba tsoron Allah. Kai dai ka yi ta haƙuri da su."

Tilo ta buɗe baki. Ta ga yadda Kaka ke shafa hannun Baba, ta ga Umma riƙe da kwano ruwa na ɗiga ta gefensa. Sai ta rufe bakin, ta fita baranda ta zauna kusa da keken ɗinki. Can Baba ya fito ya tsaya a bayanta.

"Ƙaramar Farfesa," ya ce. "Ranar Asabar za mu buɗe wata babbar ƙwaƙwalwa, ta bijimin sa. Za ki zo?"

"Ina da wanki," ta ce.

Ya juya ya koma ciki.

Bayan kwana biyu Maman 'Yan Biyu ta dawo. Da safe Umma ta miƙa wa Tilo sabuwar kwalbar, ta ce ta yi mata gaisuwar rasuwa kafin ta ba ta. Tilo ta karɓa da hannu biyu, ta tsallaka titi, ta ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya, ta tsaya jira. A tsayuwar nan ta gane cewa ba wanda ya hana firjin Umma dawowa gida. Baba ne ya zaɓi ya bar shi a can, kuma gobe ma in aka sake miƙa masa alƙalami haka zai zaɓa.